Fasinjan Da Ba Ya Tafiya

Duk wanda ya ji yadda Lauratu ke kwatanta tashar Marke zai ɗauka wani katafaren wuri ne mai rumfuna da kujeru. Sai ya je ya gani ya riƙe baki. 'Yar tasha ce a gefen titi, daf da Ƙofar Mazugal, wadda duk dukiyarta ba ta wuce bishiyar ceɗiya ɗaya ba, da benci mai ƙafa uku da aka tallafe da bulo, da randar ruwa mai moɗa ɗaure da igiya don kada ta bi wani fasinja ƙauye. Babu rumfa, babu makewayi. In lokacin salla ya yi a shimfiɗa buhu a gindin ceɗiyar. In ruwan sama ya sauko kowa ya shige motar da ke kan layi, har mai rake.

Amma Lauratu ba da idonmu take kallon wurin ba. A wurinta babu bishiyar da ta kai ceɗiyar nan inuwa a duk faɗin Kano. Ko barci ta yi can take zuwa. Sai ta ga kanta cikin tsohuwar bas ɗin nan mai ruwan ƙasa, yayyafi na sauka a kan rufi, Mikail na zaune kusa da taga da jakarsa a kan cinya, motar ba ta cika ba, ita kuma ba ta fatan ta cika.

Domin in ta cika, Mikail sauka yake yi.

Aikinsa ke nan. Motar Marke ba ta tashi sai ta cika, mutumin Kano kuwa in ya leƙa ya ga mota wayam gaba yake yi ya nemi wata hanya. Don haka Nata'ala, ɗan kamashon da ke riƙe da tashar, ya tanadi wasu samari da ake ce wa 'yan ɗumama kujera. Su shiga su zauna kamar matafiya, wani da kwali, wani da jaka, su riƙa duba agogo suna tsaki, har su yi wa direba faɗa a kan ɓata musu lokaci. Fasinjan gaske in ya zo ya ga saura kaɗan, sai ya biya ya shiga. Da ya zauna, ɗaya daga cikinsu ya ce bari ya sayo goro, ya fita, shi ke nan an ga bayansa. Haka za su yi ta zamewa har motar ta cika da mutanen gaske.

Mikail ne na ƙarshen sauka kullum, saboda ya fi kowa kama da matafiyi. Yana da wata kumburarriyar jakar bakko da yake rungumewa, wadda babu komai a cikinta sai yagaggun kwalaye. Yana kuma da wani irin kallo da yake yi wa hanya ta taga, wanda babu mai iya koya wa mutum shi.

Lauratu ta san shi ne a lokacin da take kai wa Gwaggo 'Yardada maganin hawan jini can Marke duk ƙarshen wata. Zuwan farko ta ɗauka fasinja ne. Da ta sake ganinsa da jakar nan ta yi mamaki. Ranar da ta gane kuwa dariya ta kama ta har sai da ta rufe fuska da mayafi. Daga wannan dariyar magana ta fara, har ta kai yana zuwa zance gidansu a Madabo cikin wankakkiyar shaddarsa ɗaya tilo. Ta so shi, so mai tsanani, kuma ba ta taɓa ɓoye wa mahaifiyarta ba.

Matsalar ta taso ne ranar da Baffa Ɗantani ya ce zai yi bincike. Baffa ƙanin mahaifinta ne, tun da mahaifin nata ya rasu kuwa shi ne uba, shi ne mai ba da aurenta. A Jakara yake zaune, yana sayar da kayan ƙamshi a Kurmi, kuma mutum ne da ba ya yarda da abin da bai gani da idonsa ba. Ya ce ba zai aiki kowa ba. Ya sa babbar riga, ya ɗauki lemarsa da ba ya rabuwa da ita rani da damina, ya nufi tashar a matsayin fasinja don ya ga wane ne wannan Mikail ɗin ba tare da an san shi ba.

Bai san fuskar yaron ba, shi ma yaron bai san tasa ba. Allah da ikonsa, kusa da shi ya zauna.

Tun hantsi suke hira har rana ta take. Saurayin ya gaishe shi da ladabi, ya gyara masa wurin miƙe ƙafa, ya ce shi Ɗinya za shi, wani ƙauye kafin a kai Marke, wurin mahaifinsa da ya daɗe bai gani ba. Ya ba shi labarin kukar da ke bakin garin, da rafin da suke wanka suna yara, da yadda tsohon nasa ke zama a gindin rumbu yana tufka igiya. Baffa ya ji yaron ya kwanta masa a rai. Har ya ce a zuciyarsa, ina ma irin wannan Lauratu ta kawo, ba wani ɗan tasha ba. Ya zaro fararen goro daga aljihu, a naɗe cikin ganye, ya ce ya kai wa tsohon, ya gaya masa wani ɗan'uwansa a birni yana gaishe shi.

Can mota ta cika. Saurayin ya ce, "Baba, bari in kama ruwa." Ya fita da jakarsa. Direba ya tayar da mota, Baffa na ta ɗaga hannu yana cewa a dakata akwai saura mutum ɗaya, fasinjoji na dariya ƙasa-ƙasa. Sai ya ji Nata'ala daga gindin ceɗiya yana kira.

"Mikail, kawo jakar nan, ga wata motar ta shigo layi."

An ce har aka fita gari Baffa bai iya buɗe baki ya ce a sauke shi ba.

* * *

Bayan la'asar ya iso gidan Madabo. Hajo, mahaifiyar Lauratu, ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida ta kawo ruwa, bai dubi ko ɗaya ba. Lauratu na durƙushe a bakin ƙofar ɗaki, kanta a ƙasa.

Ya ba da labarin tun daga farko, yana yi yana dogara lemar a ƙasa. Ya ce ba talaucin yaron ne ya dame shi ba, shi ma da tallan citta a faranti ya fara. Ba kuma sunan ɗan tasha ba ne, don ya san direbobin da suka fi wasu masu rawani tsoron Allah.

"Hajo, ni fa addu'a na yi wa uban yaron nan. Da bakina. Har goro na ba shi."

Duk wanda ya san Baffa ya san abin da ya fi ƙona masa rai ba dariyar fasinjoji ba ce. Son da ya yi wa yaron ne a rabin yinin nan.

Ya juya ga Lauratu.

"Ke kuma ki saurare ni. Mutumin da sana'arsa ita ce ya zauna kamar za shi, ya sa mutane su saki jiki su shigo, in an zo tashi ya sulale, shi kike so in ɗauki amanar ɗan'uwana in danƙa wa? Tun yaushe na ce ya turo manyansa? Ina suke?"

Ita ma Lauratu ta sha yi wa Mikail wannan tambayar.

Baffa ya ce shi ba zai yi mata dole ba, bai yi wa 'ya'yansa ba, ba zai fara a kan marainiya ba. Amma ga Zaharaddeen nan, ɗan amininsa mai shagon wayoyi, wanda manyansa suka zo tun kafin azumi aka ce su jira, kuma suna jira. Abin haushi game da Zaharaddeen shi ne ba shi da wani aibu da za a kama. Yana salla a kan lokaci, yana gaishe da Hajo a durƙushe, in ya zo zance ba ya wuce iyaka. Lauratu ta neme shi da laifi har ta gaji. Abin da ta samu kawai shi ne, in yana magana hankalinta na gindin ceɗiya.

Daga nan Baffa ya yanke hukunci. Lauratu za ta tafi Marke wurin Gwaggo 'Yardada ta zauna har a yi girbi, ta bar wayarta a gida, ta yi tunani da kanta ba da kunnenta ba. In ta dawo manyan Mikail ba su taka zaurensa ba, an rufe maganarsa, kada a sake ambaton sunansa a gidan nan.

Hajo ta so ta sa baki, ta ce ko a bar yarinyar a gida ta yi tunanin a nan. Baffa ya girgiza kai. Ya ɗauki lemarsa, har ya kai bakin zaure ya juyo.

"Kuma ni zan kai ta da kaina. A tashar tasu za mu hau. Ina so ta gani da idonta."

* * *

Ana gobe tafiya, da yamma, Mikail ya yi sallama. Hajo ta yi kamar ba ta ji ba, ta shige madafa ta kama wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

A zaure suka tsaya, shi a jingine da bango, ita a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta. Ta yi niyyar ba za ta yi kuka ba. Ko gaisuwa ba su gama ba idonta ya cika.

"Ka yi wa Baffa ƙarya, Mikail."

"Ban san shi ba ne."

"To wanda ba ka sani ba halal ne a yi masa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Lauratu, wallahi duk abin da na faɗa masa babu ƙarya a ciki sai abu ɗaya. Akwai Ɗinya. Akwai kukar, akwai rafin, akwai tsohona. Tafiyar ce kawai babu."

Sai ya gaya mata abin da bai taɓa gaya mata ba. Ranar da zai baro gida mahaifinsa ya ce masa ya zauna, gona ta ishe su. Shi kuwa da zafin ƙuruciya ya ce, a gaban mutane, ba za a sake ganinsa a Ɗinya ba sai a kan sitiyari, ya yi wa tsohon hon a ƙofar gida. Shekaru suka yi ta shuɗewa. Nata'ala ya yi masa alkawarin da zarar an sami motar da babu direba shi za a ba, kuma duk shekara cewa yake bana ne in Allah ya so. Ga dokar Nata'ala kuma da kowa ya sani a tashar: wanda ya bar layi ranar aiki ya bar shi ke nan, da kujerar da alkawarin duka.

"Kin san abin da ya sa na fi kowa iya aikin nan?" in ji shi, muryarsa a ƙasa. "Don ni ba wasa nake ba. Da na zauna na rungumi jakar nan, na tafi. Ina ganin mun bar Ƙofar Mazugal a baya, mun sauka daga kwalta, ga gero dama da hagu, ga rafi, ga kuka. Har ƙamshin hayaƙin gidanmu nake ji. Ina gab da yin sallama sai in ji an taɓa min kafaɗa."

Hawaye suka wanke mata fuska. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, ta rasa wanne za ta bi.

"Ni ma haka kake yi min ke nan. Ka zauna kusa da ni kana ba ni labarin ɗakinmu, da labulen da za mu sa, da sunan da za mu raɗa wa 'yarmu. Na ji daɗi, na saki jiki, na shigo. Ashe kai jira kake a cika ka sauka."

"Don Allah kada ki ce haka."

"To me zan ce? Baffa bai ce ka kawo mota ba. Manya ya ce. Tsoho ɗaya da hularsa ya isa."

"Da wane ido zan kalle shi, Lauratu? In shiga garin a ƙafa, hannu rabbana, in ce Baba taso ka nema min aure a birni? Mutanen da suka ji abin da na faɗa suna nan da ransu."

Ta share fuska da bayan hannu, ta ɗago ta dube shi.

"Shi tsohon naka, mota ya haifa ko kai?"

Ta jira. Wata akuya ta leƙo zauren ta koma, masu tallan gyaɗa suka wuce, ladanin unguwa ya fara gyaran murya. Mikail ya sa hannu a aljihu kamar zai fito da wani abu, ya fasa. Daga ƙarshe ya gyara hularsa.

"Allah ya kiyaye hanya," in ji shi.

Wannan ita ce addu'ar da wanda ya tsaya ke yi wa wanda zai tafi, kuma Lauratu ta ji ta har cikin ƙashinta.

* * *

Gari ya waye da hadari. Zaharaddeen ya zo da motarsa tun da safe, ya ce shi zai kai su har ƙofar gidan Gwaggo. Baffa ya sa masa albarka ya ce tasha kawai zai sauke su. Zaharaddeen bai yi musu ba. Shi ya ɗauki jakar Lauratu da kansa, da suka isa kuma ya ce mata a hankali yana nan, ba gaggawa yake ba. Ta ji kunya ta kama ta, don ta san mutumin kirki ne, ta kuma san ko kallonsa ba ta yi ba. Idonta na cikin bas ɗin da ke gindin ceɗiya.

Mikail na ciki. Yana kusa da taga, cikin shaddar nan tasa, da jakar bakko a kan cinya.

Baffa ya zaɓi kujerar ƙarshe, daidai bayan Mikail, ya sa Lauratu ta shige ciki shi ya zauna a gefenta. Bayansu but ne, wurin zuba kaya, an cika shi da buhunan taki har ƙofar ta ƙi rufuwa aka ɗaure ta da igiya. Mikail ya juyo ya gaishe shi.

"Lafiya lau," in ji Baffa. "Yau ma Ɗinya za a je?"

Mikail ya mayar da fuskarsa ga taga.

Yayyafi ya fara. Mai rake ya tattara kayansa ya shigo ya raɓa a bakin ƙofa. Ganyen ceɗiya na ɗiga a kan rufi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika motar, gilashin ya yi dishi-dishi har titi ya zama kamar wani wuri mai nisa. Lauratu ta zuba wa ƙeyar Mikail ido, hankalinta ya tafi. Ta ga motar ba ta cika ba yau, ba ta cika ba gobe. Ta ga fasinjoji sun gaji sun watse, direba ya bar musu makulli ya tafi. Ta rataya labule a tagogi, ta ɗora tukunya a gindin ceɗiya, ta wanke randar nan tas ta cika ta da ruwa mai sanyi. Ta ga furfura ta fito masa a ƙeyar nan da take kallo, kuma har lokacin babu wanda ya taɓa masa kafaɗa.

Duk motar addu'a ake Allah ya kawo fasinja. Ita kaɗai take roƙon akasin haka.

Amma fasinjoji suka yi ta zuwa. Wani mai buhun gishiri, wata mai goyo, wasu malamai biyu da jaridarsu. Duk wanda ya shigo sai wani saurayi ya miƙe, Baffa kuwa ba ya bari ya wuce.

"Ga wannan nan, goro zai sayo," yake ce mata a kunne. "Wancan kuma alwala ce ta kama shi da hantsi. Ki dai zuba ido."

Ta zuba idon. Har ta kai a motar babu sauran ɗan ɗumama kujera sai Mikail.

Can sai ga wata tsohuwa ta ɓullo daga lungu da ƙunshin kaya a ka, ruwa ya jiƙa mata zane sharkaf. Tun daga nesa take cewa a taimaka mata, 'yarta ce ke naƙuda a Marke, tun asuba aka aiko. Nata'ala ya karɓi kayanta, ya zuro hannu ta ƙofa ya taɓa kafaɗar Mikail.

Mikail bai motsa ba.

Lauratu ta dafe ƙirji. Ko Baffa sai da ya gyara zama.

Nata'ala ya sake taɓa shi, wannan karon da ɗan ƙarfi. Mikail ya dubi tsohuwar tana rawar sanyi a bakin ƙofa, ruwa na bin goshinta. Ya sauke ajiyar zuciya. Ya miƙe da jakarsa, ya fita, ya riƙe hannun tsohuwar ya shigar da ita kujerarsa.

"Kin gani," in ji Baffa.

Bai faɗe ta da murna ba. A hankali ya faɗe ta, kamar shi ma wani abu ya so gani daban.

Aka ja ƙofa aka rufe. Ta cikin jiƙaƙƙen gilashi Lauratu ta hango Mikail yana miƙa wa Nata'ala jakar, ta ga Nata'ala na ta wurga hannu yana magana, ta ga Zaharaddeen a cikin motarsa ya ɗaga mata hannu. Daga nan ba ta iya ci gaba da kallo ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kukan da take riƙewa tun jiya ya ƙwace mata. Motar ta yi tari, ta girgiza, ta tashi.

Ta yi kuka har suka bar ƙofar gari a baya. Ta yi kuka har gidaje suka fara sirancewa. Tsohuwar da ke gabanta ta juyo ta ce ta yi haƙuri, ko rasuwa aka yi musu. Baffa ya ce a'a, ciwon kai ne. Bai hana ta kukan ba.

Sai da suka sauka daga kwalta, motar ta rage gudu saboda taɓo, sannan direba ya dubi madubi ya ɗaga murya.

"Kai na cikin but, ina za ka sauka?"

Daga bayan kanta, kusa ƙwarai, wata murya ta amsa.

"Ɗinya."

Lauratu ta yaye mayafi ta juya.

Yana zaune a kan buhunan taki, ya riƙe igiyar ƙofa da hannu ɗaya, ƙafafunsa a waje. Ruwa ya jiƙa shaddar ta manne masa a jiki, hularsa ta lanƙwashe, laka ta fantsama masa har gwiwa. Babu jaka a cinyarsa. Gero ne dama da hagu, kore shar, yana ta wucewa a bayansa.

Direba ya ce Nata'ala ya ba shi saƙo, wai ya gaya masa kada ya sake taka masa layi. Mikail ya ce ya ji. Direba ya tambaye shi ko lafiya za shi Ɗinya haka, ko ɗan kaya babu.

"Saƙo zan kai," in ji Mikail. Ya zaro wani ɗan ƙunshin ganye daga aljihu, ya riƙe shi a ƙirji don kada ruwa ya taɓa. "Wani dattijo ne ya ba ni goro in kai wa mahaifina. Na riƙe masa ya daɗe."

Fasinjoji ba su san me ake ciki ba, amma sun ga yarinyar da ke kuka tana dariya yanzu, hawayen ma ba su tsaya ba.

Baffa bai juya ba. Ya zuba wa hanya ido ya daɗe, muƙamuƙinsa na motsi kamar mai tauna wani abu. Can ya janyo lemarsa daga tsakanin ƙafafunsa, ya miƙa wa Lauratu ba tare da ya dube ta ba.

"Miƙa masa. Kada ya shiga gaban tsohon a jiƙe."

Ta karɓa, ta zura ta ta saman kujera. Yatsun Mikail masu sanyi suka kama ɗaya gefen.

"Ke kuma ki daina min wannan murmushin," in ji Baffa. "Lema na ba shi, ban ce na ba shi ke ba. Sai na ga hular uban nasa a zaurena."

Ta ce to, Baffa. Amma murmushin ya ƙi tafiya, domin tun da ta san Mikail yau ne karo na farko da mota ke tafiya yana ciki.